Yadda Ake Zaɓen Motar Doguwar Tafiya Idan Za A Tafi Da Jama'a

Babu gidan da ke Kaduna da irin wannan tafiya ba ta taɓa taso masa ba. Ko kai amarya Yola, ko ɗaurin aure a Sakkwato, ko ta'aziyya a Maiduguri, ko kuma 'yan Islamiyyar unguwa za su musabaƙa wata jiha. Sai a taru a zaure a ce, "Wane, kai ka san harkar mota, je ka nemo mana." Yawancinmu daga nan sai tashar Kawo ko ta Mando, mu tambayi kuɗin shata wurin mutum uku, mu kama wanda ya fi sauƙi. Ni ma na taɓa yin haka, da 'yan rakiyar amarya goma sha shida. Mun kwana a bakin titi tsakanin Bauchi da Gombe, da tsofaffi biyu da mai jego, saboda lagireto ya fashe kuma motar irin wadda ba a samun kayanta ce a wannan yankin. Har yau ina tuna Gwaggo zaune kan tabarma a gefen kwalta tana yi wa jaririn fifita da bakin mayafinta.

Abin da na fahimta tun daga ranar shi ne, motar doguwar tafiya ita ce wadda za ta ɗauki mutanenka da kayansu ba a danne ta ba, wadda kuma in ta tsaya a wani ƙauye bakaniken wurin ya san cikinta. Sabon fenti da na'urar sanyaya ciki duk a baya suke zuwa. Ga yadda nake bi.

Fara da takarda da biro, kafin ka je tasha

Rubuta sunan kowa. Kada ka yarda da "kusan mu goma sha biyar ne", domin ranar tafiya goma sha tara za ka gani a ƙofar gida, kowa da ledarsa. Gaban kowane suna ka sa abin da ya shafe shi: wannan tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, ba za ta iya tsallake kujeru zuwa can baya ba; wannan mai goyo ce; wannan yana da ciwon suga, zai riƙa neman a tsaya. Yaron da ya wuce shekara uku ka ƙirga masa kujera. Ɗora yaro a cinya daga Kaduna zuwa Zariya abu ne mai yiwuwa, amma awa goma sha biyu azaba ce ga uwa da ɗan.

Sannan kaya, kuma a nan ake yawan yin kuskure. Ɗauki manya goma sha huɗu, ka ba kowa kilo 70, ka riga ka kai kilo 980, wato kusan tan guda, ba a sa ko jaka ɗaya ba. Ka ɗora akwatunan amarya, buhun shinkafa mai kilo 50 guda biyu, jarkar mai, kulolin abinci, katan-katan na ruwa. Kowace mota akwai ɗan faranti ko takarda da kamfani ya manna a jikin ginshiƙin ƙofa ko kusa da kujerar direba, an rubuta iyakar nauyin da za ta ɗauka. Mutane ƙalilan ne ke duba shi, alhali taya da birki da ƙafar mota duk a kan wannan lissafin aka yi su.

Dokata mai sauƙi ce: ko kujera nawa aka ce maka bas tana da su, cire layin baya gaba ɗaya ka bar wa kaya. Idan kayan gara ne ko kayan ɗaki, kada ma su shiga motar mutane. A nemi a-kori-kura ko motar kaya ƙirar Canter ta wuce da su kwana ɗaya kafin tafiya, da saurayi ɗaya na gida a ciki. Tulin kaya a kan rufi yana sa doguwar bas ta riƙa rinjaya a kwana, kuma in taya ta fashe a guje, irin wannan motar ce ke saurin kifewa.

Sai ka san hanyar

Mota ɗaya ba ta dace da kowace hanya ba. Kaduna zuwa Zariya kusan kilomita 80 ne, zuwa Kano kusan 230, titi mai tagwaye, kowace lafiyayyar mota za ta yi. Sakkwato ta Funtuwa da Gusau wani lissafin ne. Yola ta Saminaka, Jos, Bauchi, Gombe da Numan ta haura kilomita 700, da hawa da gangara a yankin Filato, da wuraren da kwalta ta ɓare sai ramuka. Wanda zai hau tsaunin Mambila zuwa Gembu kuwa, birki da ƙarfin inji ne gaba da komai a wurinsa. Haka in ƙarshen tafiyar wani ƙauye ne da sai an sauka daga kwalta an bi burji, ga damina ta sauka, to tsayin cikin mota daga ƙasa ya zama abin dubawa na farko.

Labarin hanya wurin direbobin da suka dawo jiya ake samunsa. Ka je tasha da safe, ka sayi shayi, ka zauna kusa da masu lodin garin da za ku. Tambaye su ina ne ya lalace, ina aka karkatar da hanya, ina ne ba a wucewa bayan la'asar. Mu mutanen Kaduna ba sai an yi mana dogon bayani kan matsalar tsaro a hanyar Birnin Gwari ko ta Abuja ba. Mun ga lokutan da suka yi tsanani da lokutan da aka samu sauƙi, kuma yanayin yana canzawa. Labarin wata uku da suka wuce ba ya amfani. Wannan ya shafi zaɓen mota kai tsaye, domin motar da ba za ta iya kai ku masauki kafin magariba ba, ba motar wannan hanyar ba ce.

Motocin da za ka tarar

Dattawanmu sun san zamanin Peugeot 504 mai dogon baya. A 1975 aka fara harhaɗa Peugeot a nan Kakuri, kuma abin da ya sa 504 ta mamaye tashoshin Arewa shekara da shekaru shi ne duk garin da ta tsaya akwai kayanta, akwai mai gyaranta. Yau Toyota ce ta gaji wannan matsayi, sai Volkswagen a bayanta.

In kun kai mutum goma zuwa goma sha huɗu, Toyota Hiace da ake kira Homa ita ce zaɓina na farko, ba na ɓoyewa. Wadda ta fi yawa a wurinmu mai injin fetur ce mai girman lita 2.7, tankinta lita 70, kuma daga Panteka har Jimeta ba za ka rasa famfon mai ko fan bel ɗinta ba. A tasha za a ce maka tana cin mutum goma sha takwas. Haka ne, in an ƙara benci an matse gwiwoyi. Amma ba ta da but na kirki, don haka in ka cika ta goma sha takwas, kayan ko dai su hau rufi, ko a bar ƙofar baya a buɗe a ɗaure da igiya, hayaƙin salansa yana dawowa kan na layin baya. Ka nemi mai dogon rufi in akwai tsofaffi, sun fi samun sauƙin shiga da fita.

Mutum shida ko bakwai, Sienna ta fi kowace daɗin zama. Injinta babba ne, galibi silinda shida, yana jan kaya ba ya kuka, amma yana shan mai, kuma cikinta kusa da ƙasa yake. In an loda ta, kowane tudun rage gudu sai ta goga. Abubuwa biyu nake tambaya a kanta. Na farko, 'yar wace shekara ce: ta 2004 zuwa 2006 mai inji 3.3 bel ne ke daidaita bugun injinta, wato tayimin bel, sai ka ji yaushe aka canza shi, ta 2007 zuwa 2020 mai 3.5 kuwa sarƙa ce. Na biyu, in mai jan ƙafa huɗu ce, ka sani galibi daga kamfani ba ta zuwa da safayar taya, sai ka ga da idonka inda mai ita ya ajiye tasa.

Sharon ta Volkswagen ita ce jakin tashoshinmu, ita da 'yan uwanta Ford Galaxy da Seat Alhambra, kusan jiki ɗaya ne. Kujera bakwai aka yi ta da su, duk da kowa ya san yadda ake cusa mutum tara ko goma. Ta fi Sienna sauƙin mai da sauƙin shata, kanikawa kuma sun san ta ciki da bai. Damuwata da ita tsufa ne: yawancin waɗanda ke kan hanya sun haura shekara ashirin, kuma zafin inji da matsalar wayoyi ba baƙi ba ne a wurinsu. In Sharon za ka ɗauka, binciken da zan faɗa a ƙasa ka ninka shi.

Daga mutum ashirin zuwa sama, Coaster. Akwai fili, ana miƙe ƙafa, tana da tsayi daga ƙasa, tayoyin baya biyu-biyu ne. Ba ta da sauri, saboda haka a ƙara awanni a lissafin tafiya, kuma ka tambaya ko mai dizal ce ko mai fetur tun kafin a yi maganar kuɗi. Hilux da Prado na hanyar burji ne da tsauni, mutum huɗu ko biyar. Kada a zuba mutane a bayan Hilux a ce za a yi tafiyar yini.

Akan tambaye ni, babbar mota ɗaya ko ƙanana biyu? In aljihu zai ɗauka, biyu nake so, kuma iri ɗaya. In ɗaya ta tsaya, ɗayar za ta kai mata da yara gari mafi kusa ta dawo da bakanike, safayar wannan kuma ta shiga waccan. Sharaɗin shi ne su yi tafiya tare, ta gaba tana hango ta baya a madubi. Ayarin da kowane direba ke son ya riga isa ya fi mota ɗaya haɗari.

Wata aba da ta shigo tun bayan cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ita ce motocin da aka mayar masu amfani da iskar gas ta CNG. Suna rage kuɗi, amma tukunyar tana cin wurin kaya, kuma wuraren ɗura ta ba su yawaita ba in ka yi nisa da manyan birane. In irinta ce, a kunna ta da fetur a gabanka ka tabbatar wannan ɓangaren ma lafiyarsa lau.

Binciken mota: nan ne aikin yake

Gani ya kori ji. Kada ka biya ko sisi a kan hoton da aka turo maka ta WhatsApp. Ka je da bakanikenka, wanda ba ya da alaƙa da mai motar, ka biya shi kuɗin yininsa. Ku je da sassafe, kafin a tayar da ita, ka ɗora hannu a kan injin ka ji da sanyinsa. Inji mai ciwo da safe yake tona kansa. In an riga an ɗumama shi kafin ku iso, ka ce za ku dawo gobe.

A tayar, kai kuma ka tsaya a baya ka kalli salansa. Hayaƙi mai shuɗi-shuɗi yana nufin tana cin baƙin mai. Fari mai kauri da ba ya ɗaukewa bayan inji ya yi zafi, ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba, galibi gaskit ya ƙone. Tun kafin a tayar ɗin, a buɗe murfin lagireto: in ka ga ruwan ya yi kamar an zuba madara a shayi, ko mai yana yawo a samansa, ka yi sallama ka tafi. A zaro sandar gwada baƙin mai a duba. A leƙa ƙasa inda ta kwana, ko akwai ɗigo. A bar ta tana aiki har fanka ta kama da kanta. Da yawa an cire musu abin da ke daidaita zafin ruwa an haɗa fanka kai tsaye, wannan alama ce motar ta taɓa fama da zafi, sai ka tambayi dalili.

Taya kuwa, durƙusa za ka yi. A gefen kowace taya akwai rubutun da ya fara da DOT, ƙarshensa lamba huɗu. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2321 na nufin mako na 23 a shekarar 2021. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tana cewa taya ta gama aiki bayan shekara huɗu da ƙera ta, ko da zanenta bai cinye ba, domin roba tana bushewa. Tayoyin da ake kira 'yan Beljiyam da yawansu sun wuce haka tun kafin su sauka daga jirgin ruwa. Shafa gefen da tafin hannu, ka ji ko akwai kumburi ko tsaga. A kan Homa, ka duba ko akwai harafin C bayan lambar girman tayar, kamar 195R15C. Wannan ce ta ɗaukar nauyi. Wasu suna sa mata tayar ƙaramar mota don araha, kuma ita ce ke fashewa a zafin bazara in kwalta ta ɗau rana. Na taɓa ce wa wani direba, "Malam, wannan ta baya ai ta kumbura." Ya ce, "Alhaji, da ita na dawo daga Legas shekaranjiya." Na ce masa to ta yi iyakar ƙoƙarinta, in yana son aikin a canza ta a gabana. Ya canza, muka tafi.

A sauko da safaya a ga tana da iska, a gwada jak da sifanar taya a kan motar, domin akwai masu ɗauke da jak ɗin da ba ya ɗaga ta. Sai fitilu, wayifa, hon, bel ɗin kujeru, da tagogi, su buɗu su rufu. Ƙofar gefe ta buɗu daga ciki. Wannan na ƙarshen kada ka raina shi. Ranar da ake buƙatar fita da sauri, yaron mota ba zai samu zagayowa ya buɗe muku daga waje ba.

Daga nan sai gwaji a kan titi. In tafiyar babba ce, ni Zariya nake zuwa in dawo, kusan kilomita 160 ke nan. A cika tanki a gidan mai kafin a tashi, a dawo gidan man a sake cikawa. A hanya ka lura: sitiyari yana rawa in gudu ya kai kilomita 80 a awa? Tana ja gefe in an taka birki? Allurar zafi tana hawa? Giya tana shiga ba gardama? Da kun dawo lissafin mai ya fito da kansa. A ce ta sha lita 20, kilomita 8 ke nan a kowace lita. In tafiyarku kilomita 800 ce, lita 100 zuwa, 100 dawowa, sai ka ƙara kashi ɗaya cikin biyar saboda nauyin mutane da ramuka da na'urar sanyi. Yanzu in direba ya faɗi kuɗin mai, kana da abin da za ka auna maganarsa da shi. Kada a ɗauki jarkar fetur a cikin motar da mutane ke zaune. A riƙa cika tanki a manyan garuruwa tun yana rabi.

Takardu

Wannan ba ya ɗaukar minti goma, amma rashinsa yana cinye awa uku a shinge. Lasin mota, takardar ingancin hawa titi, inshora, shaidar mallaka, takardar kwastan, da lasin direba wanda bai ƙare ba. Lambar da ke jikin takarda ta dace da ta jikin mota. Inshora ana iya duba sahihancinta a intanet da lambar motar. Abin kashe gobara da alamar nan mai kusurwa uku su kasance a ciki. Motar haya ana buƙatar ta da na'urar taƙaita gudu, tun watan Fabrairun 2017 ake tilasta hakan, kuma iyakar gudun bas a babban titi kilomita 90 ne a awa.

In za a tsallaka iyaka, ko Maraɗi ta Jibiya, ko Ƙonni ta Illela, ko doguwar tafiyar nan ta masu zuwa maulidi Kaulaha a Senegal, akwai ƙarin inshorar ƙasashen yankin da ake kira katin ruwan ƙasa, da takardar izinin shigar da mota, da katin rigakafin shawara na kowane matafiyi. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a Janairun 2025, saboda haka a je bakin iyaka ko wurin direbobin da ke bin hanyar a ji abin da ake nema a yanzu. A can kuma dokar nan ta kayan gyara ta fi ƙarfi: Toyota ce za ka samu mai taɓa ta a ko'ina.

Direba da yarjejeniya

Lafiyayyar mota a hannun direban da bai yi barci ba, ba lafiyayya ba ce. Ka nemi wanda ya saba da hanyar, ba wanda zai riƙa tambaya a mararraba ba. Ka zauna da shi ku yi hira, ka kalli idonsa. Ka tambaye shi ina zai kasance daren da za a wayi gari a tafi. In daga Legas zai iso da tsakar dare ya ɗauke ku da asuba, a nemi wani ko a ɗaga tafiyar. Duk tafiyar da ta wuce awa takwas, direba biyu nake nema, ko kuma a raba ta kwana biyu.

Na fi son ɗaukar shata a tasha, a gaban shugabannin ƙungiyar direbobi, ko da ya ɗan fi tsada, saboda in wani abu ya faru akwai inda za ka koma. A rubuta komai a takarda: kuɗin shata, wa zai sayi mai, abinci da makwancin direba a kan wa, kwana nawa za a yi, nawa za a ƙara in an ƙara kwana, in mota ta lalace wa zai biya gyara, bayan awa nawa za a turo wata. A rubuta cewa ba za a ɗauki fasinja ko saƙon kowa a hanya ba, kuma ba tafiyar dare. A rubuta lambar motar da ka bincika, domin yakan faru ka duba wata, ranar tafiya a turo maka wata a ce waccan ta tafi aiki. Ka ba da kafin alƙalami, rabi ko ƙasa da haka, sauran sai an dawo.

Ranar tafiya a yi lodi tun dare, masu nauyi a ƙasa kuma a tsakiya, jakar magani da ruwan sha a inda hannu zai kai. Tsofaffi a layin da ke kusa da ƙofa. A bar kwafin sunayen matafiya da lambar mota da lambar wayar direba wurin wani a gida. Kujerar gaba ta babban namiji ce wanda ba ya barci a mota, wanda kuma zai iya cewa "Malam, rage" a ji maganarsa. Shi zai riƙe kuɗin mai da na ko-ta-kwana. A yi sallar asuba, a yi addu'ar hawa abin hawa, a tashi da hasken farko. In an yi tafiyar kamar minti arba'in, a samu gidan mai a tsaya, a zagaya motar, a taɓa kowace taya a ji zafinta, a ƙara ɗaure igiyar da ta saki, a duba allurar zafi, sannan a ɗauki hanya.